Anini Goma, Kwabo Bai Cika Ba

Kafin Naira ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 1973, mafi ƙanƙantar kuɗin ƙarfen da kakanninmu suka taɓa kashewa a kasuwannin Kiru da Bebeji da Tudun Wada shi ne anini. Ɗan tsaba ne mai huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci da ke faɗin darajarsa: ɗaya bisa goma na kwabo. An fara buga shi a 1907. Anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Yaron da aka aika sayen gishiri ba sai an zaunar da shi an koya masa wannan ba.

To, wannan lissafin ne kwamfuta take kasa yi daidai. Rubuta 'yar manhaja da harshen C, ka ware gurbi irin wanda ake kira float, ka zuba masa 0.1 sau goma, sannan ka ce a nuna maka amsar da duk lambobin da ke bayan ɗigo. Abin da za ka gani shi ne 1.0000001. Ka koma gurbi mafi faɗi, wato double, sai ta ba ka 0.9999999999999999. Idan ka tambaye ta ko abin da ta tara ya yi daidai da 1, za ta ce a'a. Ba ta lalace ba, ba kuma ƙwayar cuta ce ta shige ta ba.

Dalilin yana cikin yadda take ƙirga. Mu da goma-goma muke yi, ita da biyu-biyu. Duk gutsuren da za ta ajiye sai ta harhaɗa shi daga rabi, da kwata, da tumuni, da ɗaya bisa 16, da ɗaya bisa 32, haka har ƙasa. Rabi ba wuya, kwata uku ma haka, rabi ne da kwata. Amma ɗaya bisa goma fa? Ɗaya bisa 16 da ɗaya bisa 32 sun ba da 0.09375, bai kai ba. Ƙara ɗaya bisa 256 da ɗaya bisa 512, ka samu 0.099609375, har yanzu da saura. Haka za ka yi ta ƙarawa, kana matsowa kusa, ba za ka taɓa isa ba. Tunda gurbin yana da iyaka, dole a datse a wani wuri, a ɗauki lamba mafi kusa. Abin da float ke riƙewa a madadin 0.1 shi ne 0.10000000149. Wannan ɗan burbushin da ke wutsiya shi ne ke taruwa.

Float bayit huɗu ne, wato bit 32. Ɗaya na nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa, takwas na nuna girmanta, wato inda ɗigon zai zauna, sauran 23 su ne jikin lambar. Ɗigon ba shi da mazauni ɗaya, yana matsawa hagu ko dama gwargwadon girman abin da ake ƙirgawa, shi ya sa za a iya ajiye nauyin ƙwayar gero da nisan rana a gurbi iri ɗaya. Abin da ka biya a kan wannan sauƙin shi ne lambobi bakwai kacal ake riƙe maka da aminci, daga nan sai kintace.

Wannan tsarin bai zama na kowa da kowa ba sai a 1985, lokacin da aka amince da ƙa'idar IEEE 754, wadda masanin lissafi William Kahan na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya jagoranci tsarawa. Kafin nan kowane kamfani da nasa salon. Kuma ƙananan kwamfutocin gida na lokacin, irin su Apple II ta 1977, da ZX81 ta 1981, da Commodore 64 da ZX Spectrum na 1982, ƙwaƙwalwarsu ba ta san gutsure ba sam. Furosesa 6502 da Z80 ko umarnin ninkawa ba su da shi. Idan kana son 7 sau 9, sai an rubuta 'yar hanya ta tarawa da gusar da bit. Ina ga saiwar lamba ko lissafin kusurwa? Duk waɗannan sai an rubuta su da hannu, an tara su wuri ɗaya, manhajarka ta riƙa kiransu idan buƙata ta taso. Wannan tarin shi zan riƙa kira taskar lissafi. Manhajar da ke juya rubutun C zuwa harshen na'ura zan kira ta tafinta, wadda ke ɗinke aikinka da taskar kuma mahaɗi.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan ɗan Kiru ko ɗan Doguwa da na'urorin da aka daina ƙerawa tun kafin a haife shi? Akwai ruwansa ƙwarai. Ɗalibin kimiyya da fasaha a Wudil ko Jami'ar Bayero ko Zariya da ya sayi allon Arduino Uno don aikin kammala karatu, wataƙila na'urar kunna famfon ban-ruwa ko ta auna zafin ɗakin kaji, abin da ya riƙe a hannu na'ura ce mai bit takwas, ba ta da sashen lissafin gutsure, kuma ma'adanarta ta aiki kilobayit 2 ce. Commodore 64 tana da 64. Da harshen C ko ɗan'uwansa zai yi mata magana, kuma ramukan da mutanen 1985 suka faɗa suna nan suna jiransa. Amfanin tsohuwar na'ura wajen koyo shi ne ba ta rufa wa kowa asiri. Sabon tafinta kan gyara maka kuskure ko ya ja kunnenka, tsohon kuwa abin da ka rubuta shi zai aiwatar. Ba kuma sai ka mallaki na'urar ba, manhajojin kwaikwayo irin VICE da Fuse kyauta ne, kuma tsohuwar laftof ta hannu daga titin Beirut a Kano za ta ɗauke su ba tare da nishi ba.

A ganina, yawancin abin da ake ɗora wa taskar lissafi ba laifinta ba ne. Rashin fahimtar juna ne tsakanin mai kira da wanda aka kira game da siffar lambar da aka miƙa.

Ɗauki wanda ya fi kowane kama mutane. Dennis Ritchie ya ƙirƙiri C a ɗakunan binciken Bell a 1972, kuma a tsohon tsarinsa akwai wani sassauci: idan ka kira aikin da ba ka gabatar wa tafinta ba, ba zai tsaya ba, zai ɗauka cikakkiyar lamba aikin zai dawo da ita, irin wadda ake kira int. Sai ka manta ba ka sa layin math.h a saman rubutunka ba, ka kira sqrt don saiwar 16.0. Taskar ta yi aikinta tsaf, ta samu 4.0, ta shimfiɗa shi a bayit takwas. A kan kwamfutar Amiga, mai furosesa 68000, rabin farko yana zama a rajista D0, na biyu a D1. Tafinta, da yake cikakkiyar lamba yake jira, sai ya ɗebi abin da ke D0 kaɗai ya karanta shi a yadda ya ga dama. Amsar da za ta fito a allo ita ce 1,074,790,400. Mutum ya ga haka sai ya ce taskar ta haukace, alhali wannan lambar ita ce kan 4.0 ɗin, an karanta ta da idon da ba nata ba. Idan kuma 16 ka rubuta ba 16.0 ba, ɓarnar daga wajen shiga take farawa: ka ajiye bayit biyu ko huɗu, taskar ta zo ta kwashi takwas, ta haɗa da duk tarkacen da ta tarar a gefe. Shi ya sa amsar kan canza daga gwaji zuwa gwaji, abin da ke sa mai koyo zargin na'urar. Ƙa'idar C ta 1989 ta kawo hanyar gabatar da aiki da irin abin da yake karɓa, ta 1999 ta cire sassaucin gaba ɗaya, amma tafintocin tsofaffin na'urori da yawa sun riga waɗannan zuwa duniya.

'Yan'uwan wannan kuskuren suna da yawa, ba sai na daɗe a kansu ba. Ka ba printf alamar %d alhali gutsure ka miƙa mata. Ka ba scanf alamar %f ka nuna mata gurbin double, ta cika rabi ta bar rabi. Ka rubuta 1/2 kana jiran rabi, C ta ga cikakkun lambobi biyu ta ba ka sifiri, har ka ninka dukan lissafinka da shi. Ka ba sin kusurwa 30 kana nufin digiri, ita kuwa da radiyan take awo.

Daga nan sai mahaɗi. A Unix da Linux taskar lissafi a ware take, sai ka ƙara -lm a umarninka, kuma a ƙarshe, bayan sunan fayil ɗinka, domin mahaɗi daga hagu yake bi zuwa dama, abin da aka riga aka nema kawai yake ɗauka. Turbo C na kamfanin Borland, wanda ya fito a 1987, yana da tasa dabarar: don manhaja ta yi ƙanƙanta, idan tafinta bai hango alamar gutsure a rubutunka ba sai a bar sashen karanta gutsure a waje. Wani lokaci hangen nasa kan kuskure, manhaja ta tashi lafiya, ana isa scanf ta mutu da saƙon cewa ba a haɗo sashen ba. Arduino ma haka yake yi har gobe. Ka ba sprintf alamar %f, abin da zai fito alamar tambaya ce, domin an rage wa aikin nauyi saboda ƙarancin wuri. Maganinsa aikin dtostrf, wanda ke mayar da gutsure rubutu kafin ka miƙa.

Inda gizo ke saƙa sosai shi ne na'urar da ke da taska fiye da ɗaya. Amiga tana da ta IEEE, tana kuma da ta salon Motorola mai sauri, wadda ake kira mathffp. Dubi yadda kowa ke rubuta lamba 1, a ƙirgen sha shida da masu wannan sana'a ke amfani da shi. A IEEE, 3F 80 00 00. A salon Motorola, 80 00 00 41. A harshen BASIC na Commodore 64, mai bayit biyar, 81 00 00 00 00. Duka ukun ɗaya suke nufi. Yanzu a ce ka umarci tafinta ya shirya lambobi a salon Motorola, amma ka ba mahaɗi taskar IEEE. Ba wanda zai yi ƙorafi, sunayen ayyukan iri ɗaya ne. Sai dai idan 80 00 00 41 ta isa hannun taskar IEEE, abin da za ta karanta wata 'yar mitsitsiyar lamba ce a ƙasa da sifiri, mai sifiri fiye da arba'in bayan ɗigo. Ɗayanka ya zama babu. Wanda bai san wannan ba zai kwana yana duba dabarar lissafinsa, alhali matsalar tana cikin layin umarni guda.

Commodore 64 tana da nata tarkon. Tafinta cc65, wanda masu sha'awar na'urar ke amfani da shi yau, bai san float ba ko kaɗan. Sai mutum ya ce, ai akwai ayyukan gutsure na Microsoft a cikin BASIC ɗin da aka gina a jikin na'urar, bari in kira su kai tsaye. Tunani ne mai kyau. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne cc65 kan kawar da BASIC ɗin gefe tun daga farawa don ya samar wa manhaja ƙarin fili. Ka yi tsalle zuwa adireshin da littafi ya ce aikin yana can, ka tarar babu kowa, na'urar ta sandare. Sai ka dawo da BASIC kafin kira, ka sake kawar da shi bayan an gama.

Shin taskar kanta ba ta kuskure? Tana yi. ZX81 na farko-farko, idan ka nemi saiwar 0.25 sai su ba ka 1.3591409 maimakon 0.5, har sai da kamfanin Sinclair ya gyara. A 1994 wani malamin lissafi, Thomas Nicely, ya gano furosesa Pentium na kuskuren rabawa a wasu lambobi, abin da ya ci wa Intel dala miliyan 475. Amma irin wannan tsiraru ne, shi ya sa har yau ake ba da labarinsu. Shawarata ita ce ka bar zargin taska zuwa ƙarshe. Fara da lambobin da ka san amsarsu kuma biyu-biyu ke iya riƙe su cif, kamar 4 da 16 da 0.25. Idan su ma sun fito a karkace, ba maganar burbushi ba ce, wani ne bai gane siffar da aka miƙa masa ba. Daga nan sa 1.0 a gurbi, ka buga bayit ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, ka ga da wane salo tafintanka ke rubutu. Ka tambayi sizeof faɗin double ɗinka, domin a Arduino Uno da tafinta SDCC bayit huɗu ne, daidai da float, sunan ne kawai babba. Waɗannan gwaje-gwajen ba sa cin minti goma.

Idan kowa ya fahimci kowa, amsa kuma ta ci gaba da gocewa a hankali, to ka iso matsalar ƙarancin wuri, kuma ita ce ta fi haɗari domin ba ta ihu.

Madatsar ruwa ta Tiga a ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, an gina ta don riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A ce ɗalibi ya rubuta manhajar bin diddigin ruwan, ya ajiye biliyan 1.9 a float, yana ƙara abin da ya shigo yana rage abin da aka saki zuwa gonakin Kadawa da Kura. A wannan girman, tazarar da ke tsakanin lamba da mai bi mata a float kubik mita 128 ce. Duk abin da bai kai rabin haka ba, in ka ƙara shi, jimillar ba za ta motsa ba. Tankar mota mai lita 33,000 kubik mita 33 ce. Ka juye ta a lissafin, babu abin da ya canza. Ka juye dubu, ɗaya bayan ɗaya, har yanzu lambar na nan inda take. Manhajar da ke tara ruwan daƙiƙa-daƙiƙa za ta iya shafe damina tana zubar da ƙananan shigowa ba tare da ta ce uffan ba.

Kuɗi ma haka. Da zarar adadi ya haura Naira 131,072, float ba ya iya bambance kwabo da kwabo. Dillalin shinkafa a Tudun Wada ko mai POS a Kwanar Ɗangora ya wuce wannan adadin kafin azahar. Duk wanda ya rubuta musu manhajar ajiye lissafi da float ya shuka rigima tsakaninsu da abokan cinikinsu, kuma ba wanda zai san daga ina giɓin ya fito.

Da yayyafi kogi kan cika. A ranar 25 ga Fabrairu, 1991, a Dahran ta Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare makami mai linzami na Iraƙi, sojojin Amurka 28 suka mutu. Agogon na'urar yana ƙirga lokaci da ɗaya bisa goma na daƙiƙa, an kuma datse wannan gutsuren a bit 24. Bayan kimanin awa 100 tana kunne, burbushin ya taru ya kai kusan sulusin daƙiƙa, wanda ya isa makamin ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda ba ya nan.

Mafita, a mafi yawan lokuta, malamanmu na rabon gado sun daɗe da ita. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da uba da 'ya'ya maza. Mata tumuni, uwa sudusi, uba sudusi. Malam ba ya cewa sudusi 0.1666 ne ya kama ninkawa. Asalin mas'ala yake nema, lambar da kowane kaso zai shiga ba saura, a nan 24. Mata 3, uwa 4, uba 4, ragowar 13 na 'ya'ya. Ka tara, 24 cif, ba abin da ya zube a ƙasa. Haka ya kamata mai manhaja ya yi: ya zaɓi mafi ƙanƙantar ma'aunin da aikinsa ke buƙata, ya ƙirga da cikakkun lambobi, sai wajen nunawa ya sa ɗigo. Bayit huɗun nan da suka kasa ganin tanka a Tiga, in ka mai da su unsigned long, za su ƙirga har 4,294,967,295 ɗaya bayan ɗaya, wato madatsar duka sau biyu, ba tare da ɓatar da kubik mita ko ɗaya ba. Ga kuma sauri, domin tara cikakkun lambobi aikin 'yan umarni ne, tara gutsure kuwa tafiya ce doguwa a cikin taska. Masu rubuta wasannin Spectrum da Commodore sun san haka, shi ya sa suke lissafa kusurwoyinsu tun kafin wasa ya fara, su jera su a tebur na cikakkun lambobi. Inda gutsuren ya zama dole, kada ka tambayi na'ura ko lambobi biyu daidai suke, tambaye ta ko tazararsu ta gaza wani ɗan ƙaramin adadi da ka yarda da shi.

Cikakkiyar lamba ma tana da bango, sai dai nata a fili yake, kana iya lissafa ranar da za ka ci karo da shi. Int mai bit 16 yana tsayawa a 32,767, ka ƙara ɗaya ya faɗo ƙasa da sifiri. Long mai riƙe kuɗi a kwabo-kwabo yana cika a Naira miliyan 21 da 'yan kai, don haka babban ɗan kasuwa sai gurbi mai bayit takwas. Agogon Arduino, wanda aikin millis ke karantowa, yana ƙirga ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, yana cika bayan kwana 49 da 'yan awoyi, ya koma sifiri. A ɗakin gwaji ba wanda ke barin allo a kunne har tsawon haka. Amma alkamar rani a bakin magudanan Tiga tana shafe wata uku ko fiye a gona, don haka na'urar ban-ruwan da aka kunna ranar shuka za ta ci karo da wannan juyin tun kafin girbi. Idan an rubuta ta tana jiran agogo ya wuce lokacin da aka tara, a daren juyin lissafinta zai rikice, famfo ya tashi ba lokacinsa ba ko ya ƙi tashi. Idan kuwa an rubuta ta tana ɗebe lokacin farawa daga lokacin yanzu, duka biyun a unsigned long, tana gwada sakamakon da tazarar da ake so, ɗebewar za ta ba da amsa daidai ko da agogon ya zagayo, famfon ya ci gaba da tashi a kan lokacinsa.